Shin Yawan Na'urorin Wasan Bidiyo da Aka Sayar Yana Nuna Yawan Masu Wasa? Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da kamfanin Sony ko Nintendo ya fitar da rahoton cinikinsa, labarin yakan iso majalisun samarin Maraɗi ta Facebook da WhatsApp, sai gardama ta tashi a kan na'urar da ta fi jama'a. Mai goyon bayan PlayStation ta Sony ya kawo miliyoyinsa, mai goyon bayan Xbox ta Microsoft ko Switch ta Nintendo ya kawo nasa, kowa yana magana kamar adadin da aka sayar shi ne adadin mutanen da ke zaune gaban talabijin suna wasa. Tambayoyin da ke biye su ne suka fi tasowa a irin wannan gardama, da kuma a bakin masu tunanin zuba jari a gidan gem.

Idan kamfani ya ce ya sayar da na'ura miliyan kaza, mene ne ainihin abin da ya ƙirga?

Akwai ƙidaya iri biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce ta na'urorin da kamfani ya sayar wa manyan dillalai da kantuna a kan sari. Da zarar kayan sun bar hannunsa ya rubuta su a littafin ciniki, ko da kuwa suna cikin jirgin ruwa, ko suna jibge a sito ba a ko yage kwalinsu ba. Wannan ce ƙidayar da Sony da Nintendo suke sakawa a rahoton da suke gabatar wa masu hannun jari duk bayan wata uku. Ta biyu ita ce ta na'urorin da suka fita daga kanti suka shiga hannun mai saye, kuma tun da kamfani ba shi da wakili a bakin kowane kanti, wannan ƙiyasi ne da ake haɗawa daga bayanan ƴan kasuwa da na cibiyoyin bin diddigin ciniki, irin su Circana a Amurka, da GfK a Turai, da mujallar Famitsu a Japan. A Disamban 2023 Sony ya sanar cewa zuwa farkon watan PlayStation 5 miliyan 50 sun isa hannun masu saye, alhali a ƙarshen wannan watan jimillar da ya tura kasuwa ta kusa miliyan 55. Wani ɓangare na tazarar cinikin makonnin Kirsimeti ne, saura kuwa kayan da ke kan hanya ne da na cikin sito.

Abin da ya fi wannan bambanci muhimmanci shi ne, duka ƙidayoyin biyu jimilla ce da ake tarawa tun ranar da na'ura ta fara fita kasuwa, don haka hawa kawai suke yi, ba sa sauka. PlayStation 2 ta fito a Japan a watan Maris na 2000, an daina ƙera ta a farkon 2013, kuma a 2024 Sony ya tabbatar cewa an sayar da sama da miliyan 160. Wannan adadi zai zauna yadda yake ko da an wayi gari babu guda ɗaya da ke kunnuwa a duniya.

To a taƙaice, adadin sayarwa yana nuna yawan masu wasa ko ba ya nunawa?

Ba ya nunawa, sai dai ya ba da hasashe mai nisa. Lamarin kamar a ƙirga duk rijiyoyin da aka taɓa haƙawa a gari ne domin a san yawan masu shan ruwa a yau: wasu sun ƙafe an rufe su, wasu gida ɗaya ne ya haƙa biyu, wata kuma unguwa guda ce take ɗiba a cikinta. Kuskuren yana zuwa ta ɓangarori biyu masu karo da juna. A ƙasashen da mutum ɗaya yake sayen sabuwar na'ura ya ajiye tsohuwa, adadin sayarwa yana kumbura yawan masu wasa. A wurare irin su Maraɗi, inda na'ura ɗaya take wucewa ta hannun mutane da yawa a yini, adadin yana rage su ƙwarai. Babu kuma dalilin da zai sa a yi zaton kurakuran nan biyu suna cike gurbin juna daidai wa daida.

Akwai wata shaida daga kamfanonin kansu, ko dai wannan ra'ayi ne kawai?

Akwai, kuma mafi bayyana ita ce wadda Sony ya gabatar wa masu hannun jari a watan Mayun 2024. A cikin bayanin ya nuna cewa a watan Afrilun shekarar, PlayStation 5 miliyan 49 ne aka yi amfani da su, PlayStation 4 ma miliyan 49. A lokacin, jimillar PlayStation 5 da aka tura kasuwa tun fitowarta a Nuwamban 2020 ta ɗan haura miliyan 59, ta PlayStation 4 kuwa, wadda ta fito a Nuwamban 2013, ta haura miliyan 117. Wato na'urori biyu da adadin sayarwarsu ya kusa ninka juna sun zo kunnen doki a yawan masu aiki. Cikin kowace PlayStation 5 shida, kimanin biyar suna aiki a wannan watan, PlayStation 4 kuwa ko rabi ba su kai ba. Wanda ya dubi jadawalin sayarwa kaɗai zai ce PlayStation 4 ta ninka sabuwar a yawan jama'a, kuma zai yi kuskure. Wanda ya ce tsohuwar ta mutu tun da an yi mata ƙanwa shi ma zai yi kuskure, domin shekara uku da rabi bayan fitowar sabuwar, rabin na'urorin da kamfanin yake gani suna aiki tsofaffi ne.

Nintendo yana fitar da wata ƙidayar ta daban. Zuwa ƙarshen Maris na 2024 ya sayar da Switch sama da miliyan 141, kuma ya ce masu wasan shekarar miliyan 123 ne. Adadin nan biyu sun yi kusa da juna, amma dole a karanta sharaɗin da ke ƙarƙashi: asusun Nintendo, wato rajistar da mai wasa yake yi da sunansa, ake ƙirgawa, kuma duk asusun da ya buɗe wasa ko sau ɗaya cikin wata goma sha biyu ya shiga lissafi. Yaron da ya kunna na'ura ranar Sallah kaɗai da saurayin da ke wasa kowane dare matsayinsu ɗaya a wannan ma'auni. Saboda haka ba a jera miliyan 123 na Nintendo da miliyan 49 na Sony a ce wannan ya fi wancan, tun da ɗaya asusu yake ƙirgawa a shekara, ɗayan kuma na'ura a wata.

Ina sauran na'urorin da aka sayar suke shiga?

Kaso mai yawa lalacewa suke yi. Misalin da ya fi shahara shi ne na Xbox 360, wadda ta riƙa mutuwa a hannun masu ita tana nuna jajayen fitilu uku a gaba, har a watan Yulin 2007 kamfanin Microsoft ya tsawaita garantinta zuwa shekara uku ya kuma ware sama da dalar Amurka biliyan ɗaya domin gyara. Waɗanda suka haƙura da gyara suka sayi sabuwa sun shiga lissafi sau biyu a cikin miliyan 84 da kamfanin ya sanar a 2014. A nan yankinmu kuwa ba sai an sami aibin ƙira ba. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar ciki, da wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, sun isa su gajarta ran na'ura, kuma masu gyara sun san haka fiye da kowa.

Wani kason kuma na mutanen da suka mallaki fiye da ɗaya ne. Kamfanonin da kansu suke ƙarfafa hakan ta hanyar fito da sabon samfuri na na'ura ɗaya: PlayStation 4 Pro a 2016, Switch Lite a 2019, Switch mai allon OLED a 2021, PlayStation 5 Pro a 2024. Duk ana tara su ne a jimilla ɗaya da ta asali. A 2021 shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, ya bayyana cewa kimanin kashi 20 cikin ɗari na Switch da aka sayar a shekarar kuɗin da ta gabata sun tafi gidajen da dama suna da guda.

Akwai kuma waɗanda tun farko ba don wasa aka saye su ba. Mutane da yawa sun sayi PlayStation 2 ne domin tana karanta faifan DVD a lokacin da na'urar kallon DVD take da tsada, haka ma PlayStation 3 da faifan Blu-ray. A 2010 cibiyar binciken rundunar sojin saman Amurka ta haɗa PlayStation 3 guda 1,760 ta mayar da su babbar kwamfuta ɗaya ta lissafi. Wannan adadi ƙarami ne idan aka kwatanta da miliyan 87 da aka sayar, amma yana nuna cewa littafin ciniki ba ya tambayar abin da mai saye zai yi da kayansa. Sai kuma mafi sauƙin dalili, wanda ba ya bukatar misali: mutum ya girma, aiki da iyali sun cinye lokacinsa, na'ura ta koma cikin akwati.

Yaya lamarin yake a Maraɗi?

A nan ne lissafin yake juyewa gaba ɗaya, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya fi tsayawa. Mafi yawan na'urorin da ake wasa da su a garin nan na hannu ne. Wani ne ya saye su sababbi a Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa, ya yi shekaru da su, sannan suka biyo kayan gwanjo ta tashoshin ruwan Legas ko Kwatano ko Lome, wasu ta kasuwannin Kano su bi hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, wasu kuma a jakar matafiyi. An riga an ƙirga kowace sau ɗaya a ƙasar da aka fara sayar da ita. Sayarwa ta biyu da ta uku ba ta shiga littafin kamfani, don haka PlayStation 4 da ke aiki dare da rana a unguwar Zariya ko Sabon Gari tana nan a rubuce a matsayin cinikin Faransa ko Ingila na shekarun baya.

Sannan yawancin waɗannan na'urori ba a ɗakin mutum ɗaya suke ba, a gidan gem suke, inda ake biya a buga wasa a tashi wani ya zauna. Ga lissafi na misali, wanda kowa zai iya sauya alƙalumansa da na gidan da ya sani. A ɗauka gida yana da na'ura 4, kowace da manet biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasa, kuma wasan ƙwallo ɗaya, haɗe da zaɓen ƙungiya da jera ƴan wasa, yana cin minti 15. Cikin awa ɗaya na'ura ɗaya za ta ɗauki wasa 4, wato zama 8. Idan aka samu awa 6 na cikowa daga la'asar zuwa dare, na'ura ɗaya ta ɗauki zama 48, gidan duka kuma 192. Ko da kowane mutum ya buga sau uku, mutum 64 ke nan a yini ɗaya a kan na'ura 4, ba a ma sa masu tsayuwa a baya suna kallo suna jiran layi ba. Gobe kuma ba lalle fuskokin jiya ne za su dawo ba, don haka adadin mako ya fi haka. A teburin kamfani duk waɗannan mutane na'ura 4 ne, waɗanda ma aka daɗe da rufe lissafinsu.

Ko a cikin gidaje haka abin yake. Na'urar da yaya ya sayo ta zama ta ƙannensa da ƴan uwan ɗaki da abokansu da ƴaƴan maƙwabta, musamman a lokacin babban hutun makaranta. Tsarin zamanmu bai san kayan wasa na mutum ɗaya ba, kuma ƙidayar da aka gina a kan zaton na'ura ɗaya mutum ɗaya ba za ta taɓa kama wannan ba.

Yawan masu wasa a nan yana kuma bin abubuwan da ba su da alaƙa da kasuwar na'ura. A watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, Maraɗi da Damagaram da Yamai sun shiga dogon ɗaukewar wuta. Gidan gem da ba shi da injin wuta ko faranti mai amfani da hasken rana ba shi da yadda zai yi sai ya rage awanninsa. Babu jadawalin sayarwa a duniya da ya motsa saboda haka.

Ashe ke nan ƙidayar masu amfani a kowane wata ita ce gaskiyar magana?

Ta fi kusa da gaskiya, amma tana da nata giɓin, kuma giɓin ya fi faɗawa kanmu. Sony ya ce a watan Maris na 2024 asusu miliyan 118 ne suka yi aiki a dandalinsa na PlayStation, a Disamban shekarar kuma miliyan 129. Hawa da saukar nan alama ce mai kyau, domin tana nuna ma'aunin yana bin halin mutane, yana tashi a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara ya sauka bayansu. Sai dai asusu ba mutum ba ne. PlayStation 4 ɗaya tana ɗaukar sunayen masu amfani har 16, Switch tana ɗaukar 8, kuma mutum ɗaya yana iya buɗe asusu biyu ko uku na ƙasashe daban-daban domin neman rangwame, kamar yadda mutum hamsin suke iya wasa da asusu ɗaya na mai gidan gem.

Babbar matsalar ita ce kamfani ba ya ganin na'urar da ba ta haɗu da intanet ba. Wasan ƙwallo tsakanin mutum biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa ba ya bukatar intanet, kuma sabunta wasa ɗaya na zamani yana iya cinye gigabait masu yawa, abin da mai gidan gem ba zai so ya biya da kuɗin datar waya ba. Ga kuma na'urorin da aka taɓa cikinsu domin su karɓi wasannin da aka kwafa, waɗanda masu su suke nesanta su da intanet da gangan, saboda kamfanin yana toshe irinsu idan ya gano su. Saboda haka idan aka cire miliyan 49 daga miliyan 117 na PlayStation 4, ragowar miliyan 68 ba duka ne matattu ba. Wasunsu suna aiki fiye da yadda suka taɓa yi a hannun mai su na farko.

Wanda ya haɗa tasa da intanet ma bai tsira ba. Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, Najeriya ma haka, don haka ɗan Maraɗi yakan zaɓi Faransa ko Amurka. An ƙirga shi, amma a rabon wata ƙasa.

Me ya sa Microsoft ba ya faɗin yawan Xbox da ya sayar?

Tun Oktoban 2015 ya daina, ya koma faɗin yawan masu amfani da dandalinsa, daga baya kuma yawan masu biyan kuɗin Game Pass, tsarinsa na buga wasanni da kuɗin wata-wata, waɗanda ya ce sun kai miliyan 34 a Fabrairun 2024. Dalili biyu ne a nan kuma duka gaskiya ne. Na farko, kuɗin wannan sana'a ba a jikin na'ura yake ba. A shari'ar da aka yi tsakanin Epic Games da Apple a 2021, wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu cewa kamfanin bai taɓa cin riba a kan sayar da na'urar Xbox ba. Ribar tana fitowa ne daga wasanni, da kuɗin wata-wata, da kason da kamfani yake karɓa a kan duk abin da aka saya a shagonsa na intanet, wanda ya saba kasancewa kashi 30 cikin ɗari. Na'urar da aka saya aka ajiye asara ce ga irin wannan kamfani. Dalili na biyu shi ne Xbox One, na'urar Microsoft ta zamanin PlayStation 4, tana baya ƙwarai a lokacin, kuma a takardun da Microsoft ya miƙa wa hukumar kula da gasar kasuwanci ta Brazil a 2022 ya amsa cewa PlayStation 4 ta ninka ta fiye da sau biyu. Kowane kamfani yana fito da ma'aunin da ya fi yi masa kyau ne, kuma Sony ma ya daina bayyana yawan masu biyan kuɗin nasa tsarin na wata-wata, PlayStation Plus, bayan ya sanar da miliyan 47.4 a Maris na 2023.

Shin adadin sayarwa ba shi da wani amfani ke nan?

Yana da shi, matuƙar an tambaye shi abin da ya sani. Yana nuna girman kasuwar da mai ƙirƙirar wasa zai iya sa rai da ita, musamman a shekaru biyu ko uku na farko, lokacin da kusan duk na'urar da aka saya tana aiki. Idan tazara ta yi faɗi kuma, ba ta bukatar tafsiri: Wii ta Nintendo ta sayar da miliyan 101.63, wadda ta gaje ta, Wii U, ta tsaya a miliyan 13.56, kuma babu wata dabarar lissafi da za ta mayar da masu wasan Wii U su yi yawa. Amfaninsa yana raguwa ne da tsufan na'ura. Ga mai saye a Maraɗi kuwa yana da wani amfani na daban: na'urar da aka sayar da yawa a duniya ita ce za ta fi samuwa a kasuwar kayan hannu bayan wasu shekaru, tare da manet da wayoyi da kayan gyaranta, da mutanen da suka iya buɗe ta.

Yawan wasannin da aka sayar fa, ba zai fi nuna gaskiya ba?

A da yana taimakawa. Wii ta sayar da wasanni kusan miliyan 922, wato kimanin 9 ga kowace na'ura, kuma irin wannan rabo yana nuna ko masu saye sun ci gaba da amfani da abin da suka saya. Yanzu ma'aunin ya yi rauni, domin wasanni masu ɗimbin jama'a irin su Fortnite kyauta ake sauke su, wasan ƙwallon kamfanin Konami ma, wanda aka sani da PES, ya koma eFootball na kyauta tun 2021. A gidan gem kuwa faifai ɗaya na ƙwallo yana iya yin shekara yana aiki kullum.

Har yanzu ana wasa da PlayStation 2 da PlayStation 3?

Ana yi, a gidajen gem masu sauƙin kuɗi da ƙauyukan da ake kunna su da injin wuta ko batir. Wasannin ƙwallo na ƙarshe da aka fitar wa PlayStation 2 a hukumance, FIFA 14 da PES 2014, na shekarar 2013 ne, amma masu sha'awa suna ci gaba da gyara tsofaffin wasannin suna saka sababbin ƴan wasa da riguna. Babu rahoton kamfani da yake ƙirga waɗannan masu wasa.

Masu wasa a waya suna cikin wannan lissafi?

Ba sa ciki ko kaɗan. Wanda yake buga Free Fire ko eFootball a wayarsa mai wasa ne cikakke, amma bai sayi na'urar da za a rubuta a jadawalin Sony ko Nintendo ba. A gari irin namu, inda waya ta fi kowace na'ura yawa a hannun samari, duk maganar yawan masu wasa da ta tsaya a kan PlayStation da Xbox ta bar babban ɓangare a waje. Mutum ɗaya ma yakan kasance duka biyun, ya yi wasa a waya da rana, da dare ya je gidan gem.

Wanda yake son buɗe gidan gem, wane adadi ya kamata ya duba?

Shawarar da za a ba ƙane ko ɗa mai wannan niyya ita ce ya bar miliyoyin duniya ya dubi unguwarsa. Ya zauna a gidaje biyu ko uku da ke aiki, a ranakun makaranta da na hutu, ya ga awannin da kujeru suke cika, da wasan da aka fi nema, da na'urar da ake layi a kanta da wadda take zaune babu kowa. Sabuwar na'ura tana jan ido, amma idan kuɗin sayenta ya tilasta masa ninka kuɗin wasa, sai ya tabbatar akwai masu iya biya a inda yake. Switch ta haura miliyan 150 a duniya, amma wannan bai ce komai ba game da ko samarin Bagalam za su bar ƙwallon PlayStation su zauna a kanta.

Bayan ya buɗe, littafinsa na kullum shi ne ma'aunin da ya fi na kowane kamfani dacewa da shi: wasa nawa aka buga a kan kowace na'ura, awa nawa wuta ta ɗauke, nawa aka kashe a mai da gyaran manet. Yana da kyau kuma ya lura da waɗanda suke zuwa da lokacin zuwansu, domin gidan da yake karɓar yara a lokacin makarantar boko ko ta allo zai ga kujerunsa sun cika, amma zai rasa yardar iyaye da ta masu unguwa, kuma sana'ar ba ta ɗorewa ba tare da ita ba.

Me zai dame mu idan ba a ƙirga mu ba, tun da wasan muke yi?

Kamfanoni suna yanke shawara ne a kan abin da suke gani. Ƙasar da za a buɗe wa shago a hukumance, da hanyar biyan kuɗin da za a karɓa, da wurin da za a ajiye manyan kwamfutocin da ke haɗa masu wasa ta intanet, da harsunan da za a fassara wasa zuwa gare su, duk suna bin ƙidaya. Nintendo yana raba cinikinsa gida huɗu ne, Japan, da nahiyoyin Amurka, da Turai, da sauran wurare, kuma babu layin da ke ɗauke da sunan yankinmu. Illar wannan ta fito fili a Mayun 2024, lokacin da Sony ya ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da asusun PlayStation, aka kuma cire wasan daga sayarwa a dandalin Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170 da ba su da wannan asusu a hukumance. Kamfanin ya janye sharaɗin bayan ƙorafi ya yi yawa, amma tun farko an yanke hukuncin ne kamar babu kowa a waɗannan wurare.

Ƙidayar da za ta nuna haƙiƙanin masu wasa a Maraɗi a nan za a yi ta, kuma ba ta fi ƙarfin ɗaliban tattalin arziki ko na nazarin zamantakewa na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ba. Aikin shi ne a bi unguwa-unguwa a rubuta yawan gidajen gem da irin na'urorin da ke cikinsu, da nawa ne a ciki suke haɗe da intanet, sannan a ƙirga mutanen da suka zauna wasa cikin mako guda, a maimaita a lokacin karatu da lokacin babban hutu, a kuma tambayi kowane ɗaya ko yana zuwa wani gidan, domin kada a rubuta shi sau biyu.